Gaishe Ku, Masu Yi Wa Dodo Guɗa

Marubuta sun sha yabo har ya ishe su. Su ake ba lambar girma, su ake ɗauka hoto, su ake kira gidan rediyo. Masu karatu kuwa, waɗanda suke cire kuɗinsu su saya, su hana idonsu barci, su ɗauki littafi a ka su zagaya duniya da shi, babu mai ce musu sannu. To, yau ranarsu ce. Ko a cikinsu ma akwai zaɓaɓɓu, wato rundunar nan da ta taso a Amurka ta cika TikTok, a sashen masu tallar littattafai da ake kira BookTok, ta ɗauki Haunting Adeline na H. D. Carlton, wanda ya fito a 2021, ta kai shi kowane lungu da Turanci ya kai. Gaishe ku, manyan gobe! Kun yi abin da ya gagari na gabanku. An miƙa muku labarin mutumin da yake haura wa mace gida da tsakar dare, kuka karanta tas, kuka ajiye, kuka rangaɗa guɗa kamar ƙawayen amarya sun iso ƙofar ango.

Saboda wanda bai san gwanin naku ba, bari a gabatar da shi. Adeline Reilly matashiyar marubuciya ce. Kakarta ta rasu ta bar mata wani tsohon gida mai suna Parsons Manor, a kan tsauni, a jihar Washington, kusa da Seattle. Gidan yana da duk abin da ake nema a gidan fatalwa: duhu, takun da ba a ganin mai shi, inuwa mai giftawa, da tsohon jini, domin a cikinsa aka kashe Gigi, mahaifiyar kakar tata, a shekarun 1940. Adeline ta tsinci littattafan da Gigi take rubuta sirrinta a ciki, ta ga ashe ita ma akwai wani namiji da yake bibiyarta a ɓoye. Ana cikin haka sai ga Zade. Gwanin kutse ne a kwamfuta, dogo, mai tabo a fuska. Ya hango Adeline a kantin littattafai, nan take ya yanke wa kansa hukuncin cewa ta zama tasa. Bai yi sallama ba, bai turo kowa ba, bai tambayi ko tana so ba. Yana tsayuwa a wajen tagarta da dare. Yana shiga gidan duk sanda ya ga dama, ya sha barasa ya bar mata kofin, ya ajiye jan furen wardi don ta san ya zo. Yana kallonta ta kyamara, yana aiko mata saƙo ta lambar da ba ta sani ba. Ta kai ƙara wurin 'yan sanda, ya kutsa cikin kwamfutarsu ya goge ƙarar. Wani namiji ya taɓa ta, ya kashe shi, ya guntule hannuwansa ya ajiye mata a ƙofar gida. Ranar da ya bushi iska ya keta mata haddi da bindiga, tana cewa a'a. Wannan shi ne angon. Kafin a kai ƙarshen littafi na biyu, Hunting Adeline na 2022, tana son sa kamar ranta.

Jinjina ta farko ta kaifin ido ce. Mu gama-garin mutane, in aka ce mana wani ƙato ya shiga ɗakin 'yarmu tana barci, gatari za mu nema. Ku kuwa Allah ya hore muku basirar da ta wuce nan. Kun dubi tsayuwar dare a bakin taga kuka ce kulawa ce. Kun dubi kyamarar da aka dasa kuka ce tsaro ne. Kun dubi hannuwan ɗan Adam a ƙofar gida kuka ce kishi ne, kishi kuwa ai shaidar so. Har kun lura cewa yana cire wa furen ƙaya kafin ya ajiye, kuka dafe ƙirji kuka ce ina ake samun namiji mai tausayi haka. Madalla da wannan lura! Mutumin da ya ƙwace mata barci, ya ƙwace mata sirri, ya ƙwace mata ikon jikinta, ga shi ya bar mata yatsa lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Wane mai hassada ne zai ce wannan ba mutumin kirki ba ne? Kun naɗa shi saurayin littafi, wato mudun da za a riƙa auna samarin gaske da shi. Kun buga sunansa a riga da kofin shayi, wasunku har zanen furen suka yi a fatar jikinsu. Alamun haɗarin nan da masu ba mata shawara suka shekara suna koyarwa, waɗanda suke kira jar tuta, kun mai da su abin raha, kuna cewa ai ja ne launin da kuka fi so. Aikin da ya ci rayuwar mutane, kun warware shi da barkwanci ɗaya. Sai ku!

Ta biyu ta jarumta ce. Marubuciyar ba ta ɓoye muku komai ba. Tun kafin babin farko ta yi gargaɗi cewa akwai bibiya, akwai tilastawa, akwai azabtarwa, akwai safarar yara. Asalin irin wannan gargaɗi an yi shi ne domin wadda aka taɓa yi wa fyaɗe ta san abin da ke gabanta, kada ta buɗe shafi ta faɗa cikin daren da take ƙoƙarin mantawa. Ku ne kuka gano masa amfanin da ya fi wannan. Kuna ɗaukar kanku a bidiyo kuna karanta jerin kuna murmushi, iya tsawonsa iya zumuɗinku. Kuna auna littafi da hoton barkono, daga ɗaya zuwa biyar, wanda ya sami biyar ya ci jarrabawa, ko da kuwa yajin nan kukan mace ne. Da Amazon ta sauke littafin na ɗan lokaci, sai saukewar ta zama lambar yabo, ana rubutawa a tallarsa cewa an taɓa hana shi, ku kuma kuna ta rububi. Masu kasuwar littafi sun gode muku. Kun koya musu cewa iya munin abin da aka yi wa mace a shafi, iya yawan cinikin, su kuma ba sa mance irin wannan karatu.

Ta uku ta zurfin ilimi ce. Zade yana da wani aiki ban da leƙen taga. Shi ne jagoran wata ƙungiyar ɓoye da take farautar masu safarar mata da yara, tana kuɓutar da waɗanda aka sace. Kuka ɗora wannan a gefe ɗaya na sikeli, kuka ɗora abin da ya yi wa Adeline a ɗaya gefen, kuka fitar da fatawa cewa shi ba fari ba ne ba baƙi ba, toka-toka ne. Kai, wannan karatu da nisa yake! Ashe wanda ya ceci mata goma ya sami lasisin keta haddin ta goma sha ɗaya. Ashe tazarar da ke tsakanin mai fyaɗe da gwarzo ba ta wuce kyan fuska da faɗin ƙirji ba. A littafi na biyu Adeline tana hannun masu safarar da suka sace ta, wasu maza suka yi mata irin abin da Zade ya fara yi mata, kuka yi kuka da majina, kuka tsine musu. Sun cancanci tsinuwa. Amma gaishe ku da iya rarrabewa: a'ar da mace ta faɗa wa mummuna a'a ce, wadda ta faɗa wa kyakkyawa kuwa jan aji ne. Duk wani mai fyaɗe da ya taɓa tsayawa gaban alƙali yana cewa ai a ranta tana so, yau ya sami shaidu, kuma mafi yawansu mata ne. Ba ƙaramin taimako kuka yi masa ba.

Ta huɗu ita ce babba, domin kun yi wa magabatanku fintinkau. Gidan fatalwa tsohon dandali ne a adabin Turanci, kuma sau tari mace ce ake kullewa a ciki. A 1959 Shirley Jackson ta fitar da The Haunting of Hill House. Mutum huɗu suka tare a wani gida don bincike, gidan ya zaɓi Eleanor, mace mai kaɗaici wadda ta ƙarar da shekara 11 tana jinyar mahaifiyarta. Ya riƙa rubuta sunanta a bango, yana nuna mata cewa nan ne kaɗai inda ake son ta. Ta yarda. Da aka matsa mata ta tafi, sai ta kara motarta da bishiya a kan hanyar fita, ta mutu. Jackson, baiwar Allah, ba ta waye ba. Ita a ganinta duk abin da yake kiran sunan mace da dare yana raba ta da mutane, halaka yake nufin ta da ita. Masu karatunta ma haka suka fahimta, suka rufe littafin jikinsu na ɓari, ko ɗaya bai yi tunanin buga sunan gidan a riga don ƙauna ba.

Shekara 12 bayan haka, a 1971, Richard Matheson, wanda ya rubuta I Am Legend, ya fitar da Hell House, ya zuba wa labarin gidan fatalwa batsa da jini yadda ba a saba ba. Wani attajiri da ke bakin kabari ya yi wa masu bincike uku alkawarin dala 100,000 kowannensu in suka shiga gidan Emeric Belasco a jihar Maine suka gano masa ko akwai rayuwa bayan mutuwa. Belasco ya mai da gidansa matattarar kowace irin alfasha, har ranar da aka fasa ƙofa a 1929 aka tarar da gawa 27, shi kuma babu shi babu labarinsa. Cikin masu binciken akwai Florence Tanner, mai da'awar magana da matattu, mace mai taushin zuciya. Wata murya ta zo mata a matsayin Daniel, ɗan mai gidan, saurayi abin tausayi da yake neman wadda za ta so shi ko ya sami kuɓuta. Ta ce a ranta ƙauna za ta warkar da shi, ta miƙa masa kanta. Ashe Belasco ne da kansa yake wasa da hankalinta. Ya wulaƙanta ta, ya hau kanta, ta mutu a ɗakin ibadar gidan.

Matheson ba waliyyi ba ne. Alƙalaminsa yakan daɗe a kan tsiraicin mata fiye da yadda labarin yake buƙata, masu karatu da dama sun faɗi haka, kuma da gaskiyarsu. Fim ɗin 1973, The Legend of Hell House, wanda shi da kansa ya tsara, sai da aka rage masa abubuwa da yawa. Amma ko sau ɗaya bai rikice a kan wane ne dodo ba. A ƙarshen littafin, mutum biyun da suka rage sun gano gawar Belasco a wani ɗaki da aka lulluɓe da darma, suka ga ashe ƙaton da ake tsoro gajere ne, wanda ya sa aka yanke ƙafafunsa aka ɗaura masa dogaye na ƙarya don ya cika ido. Nufin Matheson a fili yake: mai danne mata ƙaramin mutum ne da yake tsoron a gane shi. Shekara 50 cif bayan haka, ku da marubuciyarku kuka zo kuka gyara masa kuskurensa. Kuka ɗauki tunanin da ya kashe Florence, wai ƙauna tana gyara azzalumi, kuka mai da shi darasin littafi. Kuka bar wa dodo dogayen ƙafafunsa, kuka ƙara masa fure a hannu. Fatalwowin Parsons Manor duk yawansu ba su yi wa Adeline kashi ɗaya cikin goma na abin da mai rai ya yi mata ba, amma mai ran kuka ɗora a karaga. Barka da ci gaba!

Kada wani ya ce ba ku da asali. Kuna da kakanni, a haɗa da su a jinjinar. A 1740 Samuel Richardson ya fitar da Pamela, labarin 'yar aiki mai shekara 15 da uban gidanta ya tsare ta, ya yi ta yunƙurin keta mata haddi, daga baya ya aure ta, aka ce auren shi ne ladan nagartarta. Ingila ta ɗauka, har ana ba da labarin wani ƙauye da mutanensa suka kaɗa ƙararrawar coci don murnar ɗaurin auren. A shirin talabijin na Amurka, General Hospital, Luke ya yi wa Laura fyaɗe a 1979, a Nuwamban 1981 aka ɗaura musu aure, mutum wajen miliyan 30 suka zauna kallo. Da shirin You ya shiga Netflix, labarin wani ma'aikacin kantin littattafai mai bibiyar mata yana kashe duk wanda ya shiga tsakani, sai da ɗan wasan da ya fito a matsayinsa, Penn Badgley, ya riƙa bin masu kallo a Twitter a farkon 2019 yana tuna musu cewa mutumin nan fa mai kisan kai ne. Bai san da su wa yake magana ba. Gadon shekara 280 da ɗoriya kuka riƙe, ɗan wasa ɗaya bai isa ya raba ku da shi ba.

Sai jinjinar iya amsa. Akwai mata da yawa, wasunsu ma masu son wannan adabi na baƙar soyayya, da suka karanta suka ce a'a, wannan fyaɗe ne, suka ba littafin tauraro ɗaya suka faɗi dalilinsu. Akwai waɗanda suka nuna cewa labarin ƙungiyar manyan mutane masu yanka yara a ɓoye ya yi kama da tatsuniyoyin makirci na 'yan QAnon da tsohon ƙazafin da ake yi wa Yahudawa. Kun tanadar musu amsa uku da ba sa tsufa: ai ƙirƙira ce kawai, in ba kya so kada ki karanta, ke ce ba ki waye ba. Allah ya ƙara basira! Ƙirƙira ce kawai, shi ya sa kuke kwana kuna kuka a kanta, kuke cewa ta juya muku rayuwa, kuke ƙorafin samarinku sun gaza don ba su kama ƙafar Zade ba. Ranar yabo littafi yana da ƙarfin sauya zuciya, ranar suka kuwa sai ya koma tawada a kan takarda. Lauya ma sai ya zo ya ɗauki darasi a wurinku.

A nan yabo ya maƙale a maƙogwaro, domin akwai matan da wannan labari ya faru da su da gaske, kuma ƙarshensu yana rubuce a takardun kotu. Rebecca Schaeffer 'yar wasa ce a Amurka. Wani saurayi ya gan ta a talabijin ya yanke cewa tasa ce. Ya shekara uku yana bibiyarta, yana aika wasiƙu, ya je wurin aikinta da kyaututtuka aka kore shi, ya biya masu bincike suka samo masa adireshinta. Ranar 18 ga Yulin 1989 ya buga mata ƙofa a Los Angeles, ta buɗe, ya harbe ta. Shekararta 21. Mutuwarta na cikin abin da ya sa jihar Kalifoniya ta kafa dokar hana bibiya a 1990, ta farko a duk Amurka. A 2016, kusa da Brighton a Ingila, wata yarinya mai shekara 19 ta yi ta kai ƙarar tsohon saurayinta. Ya maƙala wa motarta na'urar bin sawu. Ya saci makullin gidanta, ya shiga ɗakinta ya tsaya a kanta, ita kuma ta lafe kamar mai barci don tsoro. A ɗaya daga cikin ƙararrakin da ta kai, tarar fam 90 'yan sanda suka ci ta, wai ta ɓata musu lokaci. A watan Agusta ya yanka ta a ɗakinta ya cinna wuta. A 2016 ɗin dai, a Gateshead, wani soja ya tuƙo mota tun daga Sukotland da dare, ya ƙwanƙwasa tagar tsohuwar budurwarsa mai shekara 24, ya ajiye mata fure da cakulan a bakin tagar. Ya riga ya kutsa cikin shafukanta na intanet yana karanta sirrinta. A watan Oktoba ya haura ta taga ya kashe ta.

A dubi waɗannan labarai a dubi littafin. Ga taga, ga fure, ga kutse, ga tsayuwa a kan mai barci, ga ƙarar da ba ta yi amfani ba. Babu abin da marubuciyar ta ƙirƙira a cikin matakan, ƙarshen kaɗai ta sauya. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1999 ya gano cewa kashi 76 cikin 100 na matan da mazajensu ko samarinsu suka kashe, sai da aka bibiye su a shekarar da ta gabaci kisan. Bibiya sanarwa ce, kuma wadda ta iya karanta ta da wuri takan tsira. Abin da yake hana ta karantawa shi ne muryar da take ce mata ai so ne ya yi masa yawa. Julia Lippman ta Jami'ar Michigan ta gwada wannan da fina-finai a wani bincike na 2015. Matan da aka nuna wa fim ɗin da ya fito da naci a matsayin abin tsoro sun ƙara ƙyamar uzurin da ake yi wa masu bibiya. Waɗanda aka nuna wa wanda ya fito da shi a matsayin soyayya, kuma suka ɗauke shi kamar gaske, sun fi karɓar uzurin. Labari yana koyarwa, ko mai ba da shi ya yi niyya ko bai yi ba.

An rubuta littafin don manya, amma TikTok daga shekara 13 yake buɗe ƙofa. Yarinyar da ba ta taɓa yin saurayi ba tana ganin mata manya, masu ilimi, masu kyan magana, suna rantsuwa da mutumin da ba ya jin a'a. Ba ta da wani mudu da za ta auna, wannan ne na farko da aka miƙa mata. Bayan 'yan shekaru wani zai fara ƙirga mata numfashi, ya karɓi wayarta ya bincika, ya tsaya a ƙofar makarantarsu ba ta kira shi ba, ya ce in ba shi ba sai kabari. A ranar, cikinta zai ɗuri ruwa, domin jiki ya san haɗari. Amma a kanta akwai dubban muryoyi da suka riga suka gaya mata cewa faɗuwar gaban nan ita ce so.

Mu ma kada mu tsaya daga nesa muna girgiza kai. Waɗannan littattafai suna shigowa wayoyin 'ya'yanmu kyauta, kuma a cikin labaran Hausa da ake sayarwa babi-babi a WhatsApp akwai ɗan'uwan Zade: attajiri ko soja mai zafin zuciya da yake keta haddin yarinya a farkon labari, ta haifa masa ɗa a tsakiya, ta mutu a kan son sa a ƙarshe, masu karatu suna ta Allah ya bar ƙauna. A wurinmu abin ya fi ciwo, domin muna da gidajen da har yau in aka yi wa yarinya fyaɗe, rufin asirin da ake nema mata shi ne a aura mata wanda ya yi. Dokar hana cin zarafin mutane ta Najeriya ta 2015 ta sa bibiya cikin laifuffuka, amma doka ba ta aiki sai wadda ake bi da waɗanda ke kewaye da ita sun yarda cewa laifi ake yi mata.

Ba na cewa duk wadda ta karanta Haunting Adeline za ta buɗe wa mai bibiya ƙofa. Babbar mace ta san bambancin shafi da titi, kuma wasu da aka taɓa cutarwa suna cewa karanta abin tsoro a inda suke da ikon rufe littafi yana rage musu nauyin zuciya. Wannan maganarsu ce, kuma abin girmamawa ce. Ba kuma ƙona littafi nake kira a yi ba, an ga yadda hanin Amazon ya koma talla. Adabi yana da damar shiga zuciyar mugu ya fito mana da abin da ke ciki. Vladimir Nabokov ya yi haka a Lolita a 1955, ya ba mai lalata yarinya baki ya yi ta tsara zance, amma ya bar wa mai karatu hanyar jin kukan yarinyar ta ƙarƙashin zancen. Faɗana da naɗin sarautar da kuka yi ne a bainar jama'a, inda ƙananan yara suke saurare, da kuma rufe bakin duk macen da ta kira abin da sunansa.

Saboda haka, 'yan'uwana mata da ƙannena masu karatu, ku karanta abin da kuka zaɓa, amma in za ku yi maganarsa ku faɗi gaskiyarsa. Wanda ya shiga ɗakin mace ba da izininta ba mai laifi ne, ko da ya cika ɗakin da fure. Wanda ya taɓa ta tana cewa a'a fyaɗe ya yi, ko da ya ceci yara dubu da safe. Macen da ta ce a'a, a'a take nufi, ba a fassara mata. Ranar da ƙawarku ko ƙanwarku ta ce wani yana bin ta, yana aiko mata saƙo bayan ta hana shi, yana bayyana a duk inda ta je, kada ku ce mata ta yi dace da mai son ta. Ku ce ta adana saƙonnin, ku sanar da iyayenta ko wani babba da ta yarda da shi, ku raka ta wurin hukuma, in an kore ku ku koma, kuma kada ku bar ta ta kwana ita kaɗai. Yarinyar Brighton ta kai ƙara har sau biyar. Abin da ta rasa shi ne waɗanda za su ɗauki tsoronta da muhimmanci tun tana da rai, kuma wannan kowace ɗayanku tana iya yi wa wadda ke kusa da ita.